Yadda na raba karnukana da ƙuma bayan damina uku ina fama

Damina uku a jere ina yaƙi da ƙuma a gidana, kuma duka ukun ita ta yi nasara. Ina zaune ne a bayan garin Zariya, ta wajen hanyar Shika, inda har yanzu gidaje ba su gama haɗewa ba. Ina taɓa kiwon kaji da awaki, shi ya sa na ajiye karnuka biyu na gadi: Duna, baƙin namiji, da Damisa, macen da wani mafarauci ya ba ni tun tana kwikwiya. Kowace shekara da ruwa ya zauna, wajen watan Yuli, sai Duna ya fara susa. Cikin dare ina kwance ina jin ƙafarsa tana dukan ƙyauren kwano, kaf-kaf-kaf, sai ka ce mai koyon kalangu. In sayo magani in yi musu wanka, a samu lafiya mako biyu, in ce shi ke nan. Mako na uku ta dawo har ta fi ta da, ta kai ga yara ma suna tashi da jajayen ƙuraje a idon sawu.

Abin da ya kai ni gaban likitan dabbobi ma ba ƙumar ba ce, wautata ce. A damina ta uku na gaji, na je kasuwa, wani mai sayar da maganin ƙwari ya miƙo mini fiya-fiya ya ce, “Alhaji, murfi biyu a bokiti, ko guda ɗaya ba za ta kwana ba.” Na dawo na haɗa, na wanke Damisa da shi. Ba a yi rabin awa ba ta zube a gindin mangwaro, yawu na dalala daga bakinta kamar igiya, naman cinyarta na rawa, ƙwayar idonta ta tsuke ta koma kamar kan allura. Ta yi amai, ta yi zawo. Uwargida ta rugo da manja a ludayi, don haka muka taso muka ga ana yi. Na naɗe karyar a buhu, muka tari Keke Napep. A asibiti aka wanke ta da sabulu da ruwa mai yawa, aka yi mata allurar atropine, Allah ya sa tana da sauran kwana. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Da hankali ya kwanta likitan ya ce da ni, “Malam, duk shekarun nan karen kake yi wa magani ko gidan?”

Na ce, “Likita, ai karen ne ke susa, ba gidan ba.”

Ya yi dariya, ya ja takarda ya zana mini abin da zan ba da labarinsa yanzu. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta zubar da kuɗi ne kawai.

Ƙumar da kake gani tana gudu a cikin gashin kare ita ce babba, kuma ita ce mafi ƙaranci. A gidan da ƙuma ta kama, manyan ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kashi 50 ƙwai ne, kashi 35 tsutsa, kashi 10 kuma suna naɗe cikin ƙunshi suna jira. Duk waɗannan ba a jikin kare suke ba, suna ƙasa. Macen ƙuma da ta sha jini, kwana ɗaya zuwa biyu take fara ƙwai, kuma tana iya zuba 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan fari ne, santsi gare shi, ba ya manne wa gashi, duk inda karen ya kwanta ko ya girgiza jiki sai ya zube kamar ana barbaɗa gishiri. Cikin kwana 2 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe, wata 'yar farar tsutsa ta fito. Ita ba ta son haske, sai ta nutse cikin tsagar siminti, ƙarƙashin buhu, cikin yashi mai danshi, tana cin busasshen kashin manyan, wanda jini ne zalla. Bayan mako ɗaya ko biyu ta saƙa wa kanta ƙunshi mai danƙo, ƙura ta lulluɓe shi, ido ba ya bambanta shi da ƙasa. Wannan ƙunshin shi ne masifar. Feshi ba ya ratsa shi yadda ya kamata, kuma ƙumar da ke ciki tana iya zama watanni, har kusan 6, ba za ta fito ba sai ta ji motsi, ko ɗumin jiki, ko numfashin dabba. A damina, daga ƙwai zuwa babba mako biyu zuwa uku ne. Ka ga inda “mako na uku” nawa yake fitowa. Ni ina kashe biyar in bar casa'in da biyar suna girma a ƙarƙashin ƙafata.

Akwai kuma abin da ya daɗe yana ba ni mamaki: da hunturu ya shigo sai abin ya lafa da kansa, in ɗauka maganina ne. Ashe tsutsar ce ba ta jure bushewa, in danshin iska ya yi ƙasa da kashi 50 mutuwa take yi, zafin bazara ma a fili yana kashe ta. To ina take samun iri ta dawo? A gidana, gindin tankin ruwa ne. Famfonsa yana ɗiga shekara da shekaru, ƙasar wurin ba ta taɓa bushewa, ga inuwa, kuma nan Duna yake tona rami ya kwanta da rana. Nan take cin rani. Kowane gida yana da irin wannan wurin: gindin randa, bakin rijiya, bayan banɗaki, ƙarƙashin tsohuwar mota. Nemo naka tukuna.

Kafin ka sayi komai, tabbatar ƙuma ce. Kaska tana maƙalewa wuri guda ta kumbura, kazuwa tana cinye gashi fata ta yi kauri, kuma maganinsu ba lallai ya zama ɗaya ba. Tsayar da karen a kan farar takarda ko farin ƙyalle, ka sa matsefi mai ƙananan haƙora, irin na cire ƙwarƙwata, ka taje gindin wutsiya da ciki da matsematsi. Za ka ga baƙin gari kamar niƙaƙƙen barkono ya zubo. Ɗiga masa ruwa. In ya narke ya yi ja-ja, kashin ƙuma ne, ko da ba ka ga ita kanta ba. In ƙasa ce kawai, ba za ta canza launi ba. Wanda yake ƙyamar taɓa kare, safar hannu ta roba da wata tsohuwar riga da ka keɓe sun wadatar. Tunda ka ajiye shi yana kwana a waje yana tsare maka dukiya, haƙƙinsa yana wuyanka.

Wanka da sabulu yana da amfaninsa a ranar farko. Fara da zagaye wuya da kumfa don kada su gudu zuwa kai da kunne, sannan ka bi sauran jiki, ka bar kumfar minti 5 zuwa 10 kafin ka ɗauraye. Zai kashe na jiki a lokacin. Amma da karen ya bushe ya koma makwancinsa, sababbi sun hau. Abin da ake bukata shi ne magani mai zama a jiki makonni, wanda duk ƙumar da ta hau za ta mutu kafin ta yi ƙwai.

Iri uku ne a wurin likitocin dabbobi. Akwai na ɗigawa a ƙeya, mai fipronil kamar Frontline, ko mai imidacloprid kamar Advantage, sau ɗaya a wata. Akwai ƙwaya ta taunawa: NexGard da Simparica duk wata, Bravecto kuma duk mako 12. Akwai kuma abin wuya irin Seresto, wanda yake kai wata 7 zuwa 8. Ni da na san halina na mantuwa, Bravecto na fara da shi, don ƙwaya ɗaya ta rufe kusan wata ukun da ake bukata kafin a raba gida da ƙuma. Kuɗinsa ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba, amma da na haɗa abin da na kashe a damina uku kan hoda da sabulai da feshin banza, sai na yi shiru. Ana ba da shi ne da abinci. Abu ɗaya: in karenka ya taɓa yin farfaɗiya, faɗa wa likita kafin a ba shi ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan uku, don hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ja hankali a 2018 cewa wannan dangin maganin yana iya tayar wa wasu karnuka da karkarwa ko farfaɗiya.

Na ɗigawa kuwa, yawancin masu cewa ba ya aiki ba su sa shi daidai ba ne. A fata ake ɗiga shi, ba a kan gashi ba. Buɗe gashin tsakanin kafaɗu har ka ga fata, ka matse shi duka a nan, inda harshe ba ya kai. Kada a yi wa karen wanka kwana biyu kafin, da kwana biyu bayan sawa, domin maiƙon fata ne yake yaɗa maganin. Raba karnukan har ya bushe kada su lashi juna, yara ma kada su taɓa. Kuma da nauyi ake saye. Ido ba mudu ba ne a wannan wurin. Ni a buhu na sa Duna na rataya a sikelin mai sayar da masara, ya ba ni kilo 18. Kada ka sayi na babban kare ka raba wa biyu da ka. Duba ranar lalacewarsa, kuma wanda aka shanya a tebur rana tana dukansa, bar musu kayansu. Jabu ma ya yi yawa, gara ka saya a hannun likita.

Wani abu da ake yawan yi a nan: a kira mai allurar dabbobi ya yi wa kare ivermectin, wadda ake yi wa awaki da shanu. Tana da kyau ga kazuwa da wasu tsutsotsin ciki, amma ƙuma ba ta jin ta. Na yi sau biyu kafin in sani. Amitraz ma na kaska ne da kazuwa.

Sai maganar da ta jawo mini 'yar rigima a gida. Likita ya tambaye ni ko akwai kyanwa. Akwai, ta uwargida, tana kwana a sito kan buhunan masara. Da na dawo na ce ita ma za a sa mata magani, sai uwargida ta ce, “Malam, kyanwata me ta yi? Ko susa ba ta yi.” Na ɗauko matsefi da farar takarda, muka gwada a gabanta. Takardar ta yi ja. Kyanwa tana lashe jikinta ta haɗiye yawancin ƙumar, shi ya sa ba a gani, amma ƙwai na zuba. Hasali ma ƙumar da take addabar yawancin karnuka, masana da sunan kyanwa suke kiran ta, Ctenocephalides felis. Don haka duk kare da kyanwar da ke gidan rana ɗaya za a yi musu. Amma a kula ƙwarai: maganin kare mai permethrin yana kashe kyanwa, kowa da nasa. Mai kiwon zomo kuma ya nisanta su da fipronil. 'Yan awaki ma wannan ƙumar tana hawansu ta tsotse su har su rame, a duba su.

Yanzu aikin gida, wanda shi ne mai wahalar. Na ɗauki yini guda ina lura da inda karnukan suke kwanciya, na samu wuri huɗu: keji, gindin tanki, inuwar mangwaro, da lungun zaure. Nan ne ƙwan yake, ba sai ka bi duk filin gida da feshi ba, inda rana take duka ta riga ta yi maka aikin. Tsofaffin buhuna da tsummokaran da suke kwanciya a kai na ƙone su. Sabuwar shimfiɗa kuma duk mako ake jiƙa ta a ruwan zafi a shanya a kan kwano. Kejin daɓen siminti ne da ya tsattsage. Na tafasa ruwa a babbar tukunya na bi tsagogin da shi, bayan kwana biyu na kira birkila ya toshe su. A gindin tanki na sa aka gyara famfon, muka kankare ƙasar sama kamar tsawon ɗan yatsa muka kai bayan gari, na zuba tsakuwa. Shara kuwa kullum, har ƙarƙashin gado da bayan buhunan sito, kuma a ƙone ta nan take. In ka tara ta a kusurwa ka tara musu gida ne.

In za ka yi feshi a keji da lunguna, nemi wanda aka rubuta yana ɗauke da methoprene ko pyriproxyfen. Su waɗannan ba kisa suke yi nan take ba, hana ƙwai da tsutsa girma suke yi, wanda shi ne abin da kake nema. Fitar da dabbobi da yara, kwashe kwanon abinci da na ruwa, kada kowa ya koma sai ya bushe. Kuma kada ka kulle ɗaki ka ce bari yunwa ta kashe su. Na cikin ƙunshi jira za su yi, ranar da ka buɗe su yi maka caa a ƙafa. Gara a ci gaba da shiga da fita, karen da aka sa wa magani ya ci gaba da kwanciya a inda ya saba. Shi ne tarkon: su fito su hau shi su mutu.

Wannan ne ya sa za ka ci gaba da ganin ƙuma a mako na biyu da na uku, har na shida, kuma a nan ne yawancinmu muke karaya mu ce maganin jabu ne. Sababbin fitowa ne, kwana ɗaya suke yi su mutu. Mai fipronil ma yana sa su haukace su fito saman gashi kafin su mutu, sai ka ga kamar ƙaruwa suka yi. Don in san ko ana ci gaba, sai na riƙa ajiye faranti da ruwan sabulu a zaure da dare, in kunna fitilar caji a kansa. Suna tsalle wajen haske su faɗa. Daren farko na ƙirga sama da 40. Bayan wata guda bakwai na gani. A ƙarshen wata na biyu sai ƙwari masu fuka-fuki kawai. Farantin ba magani ba ne, ma'auni ne. Ko ya nuna babu, kada ka tsaya sai wata uku sun cika cif. Mai amfani da na wata-wata ya ɗaura shi da ranar da ba ya mantawa. Ni da na koma na ɗigawa daga baya, da ranar shigar albashi na haɗa.

Abubuwan da ba za su sake taɓa jikin dabbata ba: fiya-fiya da duk wani maganin gona mai dichlorvos, wanda tun 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da ƙananan kwalabensa barkatai a kasuwa, amma har gobe ga shi nan a tebur. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata, karen kuma ya lasa. Tafarnuwa da albasa a abinci suna lalata masa jini, ƙumar ko a jikinta. Ruwan ganyen darbejiya da tsohon mafaraucin nan yake rantsuwa da shi, na gwada, ba ya cutarwa a wanka, yana ɗan rage su na kwana biyu, amma bai taɓa gidan ba balle ƙwai. In kuwa tsautsayi ya sa an riga an shafa guba, ka ga yawu da karkarwa, wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, hannunka cikin safa, ka nufi likita da kwalbar a hannu. Manja da madara ba makari ba ne, ɓata lokaci ne.

'Yan kwikwiyo sai an yi hattara. Yawancin magungunan nan sai sun kai mako 8, ƙwayoyin kuma sai nauyi ya kai wajen kilo 2. Kafin nan matsefi ne da ruwan ɗumi, a tsane su da kyau, a yi wa uwar magani bisa shawarar likita, a canza shimfiɗa kullum. Ɗaga leɓensu ka duba dasashi. In ya yi fari fat maimakon ja-ja, ƙuma ta sha jininsu, kuma wannan yana kisa, kada a kwana.

Kare mai ƙuma kuma sau da yawa yana da tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa, don a cikin ƙumar take, yana haɗiye ta garin cizon jikinsa. Za ka ga abu kamar ƙwayar shinkafa yana motsi a kashinsa ko a gindin wutsiya. Maganinta praziquantel ne, albendazole da muka saba ba awaki ba ya fitar da ita. Ƙaramin yaro mai rarrafe ma in ya haɗiyi ƙuma yana iya kamuwa. Shi kuma karen da gashin gadon bayansa ya zube daga ƙugu zuwa wutsiya, fata ta yi ja tana ruwa, jikinsa ne ba ya shiri da yawun ƙuma, cizo kaɗan ya ishe shi. Duna haka yake. Sai da aka haɗa masa da maganin ƙaiƙayi da na ƙwayoyin cuta kafin gashin ya dawo.

Na zaci na gama, sai na ga wasu baƙaƙen ɗigo jere a gefen kunnen Damisa, ba sa gudu, ba sa tsalle. Tsugune ba ta ƙare ba. Wannan ƙumar kaji ce, mai kafa baki ta zauna wuri guda, irin wadda ake gani ta yi baƙi a kewayen ido da tukkun kaza. Daga akurki take zuwa. A jikin kajin man basilin na shafa a kansu ya toshe musu numfashi, na kwashe buntun shinkafar da ke ƙasa na ƙone na zuba sabo. Kada ka kuskura ka ɗiga wa kaza maganin kare: fipronil yana shiga ƙwai, shi ne ya sa a 2017 aka kwashe miliyoyin ƙwai daga shagunan Turai bayan an gano shi a gonakin kaji na Holan da Beljiyam. Ɓeraye da gafiya ma suna kawo tasu, na toshe ramukan sito.

Yanzu ba na jiran Yuli. Tun watan Mayu, da an yi ruwan farko, nake fara ɗiga musu, in ci gaba har ƙarshen Oktoba, da rani kuma in bar wa matsefi da farar takarda duk ranar Asabar. Saura ƙofa ɗaya da ta rage: karen maƙwabcina, wanda yake tsallako katanga ta inda ta rushe ya zo wajen Damisa. Na yi wa mai shi magana sau biyu, ya ce, “Malam, kare ai da ƙumarsa aka san shi.” Ban ja da shi ba. Duk wata in na je saye sai in ƙaro ɗaya, in ba ɗansa, in tsaya a bakin katanga ina nuna masa inda zai buɗe gashin.